Rubutun Baba a Bayan Kujera

Kun taso kun tarar ana ce wa wata shekara "shekarar jirgi" a danginmu, kowa kuma da irin labarin da yake bayarwa a kanta. Na ji wanda ake bayarwa a ƙauyenmu Zinyau, wai na ɗauki Alƙur'anin kakanku zan sayar wa masu jirgin sama, Allah Ya kiyaye aka tare ni a hanya. Na kuma ji wanda ku kuke ba junanku idan kun ɗauka ba na ji, wai Baffanku Auwalu ne ya toshe mini hanyar arziki saboda ƙauyanci. Duka biyun shirme ne. Yanzu da ido ya gaji, likita kuma ya raba ni da zama gaban kwamfuta, na ga gara in rubuta muku yadda aka yi, in ya so kowa ya kama bakinsa.

Ba zan ɓata muku lokaci da jerin makarantun da na yi ba, ba su da yawa, ba su kuma da daɗin faɗa. Abin da ya kamata ku sani shi ne, hannun zane gadonsa na yi. Baba alaramma ne, ya rubuta Alƙur'ani da ka ba sau ɗaya ba, masu hali suna zuwa daga Kibiya da cikin garin Rano su karɓa. Guda ɗaya ya bar wa kansa, shi ne na ƙarshe da ya rubuta kafin hannunsa ya fara rawa. Falle-falle yake, babu ɗinki, irin na mutanen da: baƙaƙen da tawadar bagaruwa, wasula da ja, ga ɗigon ruwan ɗorawa da na kore inda ya kamata, kan kowane izu kuma da zayyanarsa daban, babu wadda ta maimaita 'yar'uwarta. A cikin gafakar fata yake, rataye a bangon ɗakinsa. Yaya Auwalu shi ya bi karatu. Ni kuwa sai na ɗauki hannun na kai shi tashar Rano, ina yi wa motocin kaya rubutu da zanen zaki a baya. Wata rana Baba ya zo wucewa da Yaya, ya tsaya ya daɗe yana kallon wata mota da na gama, sannan ya ce:

"Hannun Salisu ya fi nawa. Inda zai kai shi ne matsalar."

Da ya rasu, Yaya ya gaji makaranta da gafaka, kuma babu wanda ya ce uffan, don shi ya cancanta. Ni daga tasha na koma wata maɗaba'a a Kano, a nan na koyi zane da kwamfuta ina da gemu, yara suna yi mini dariya. Daga can wani ya ja ni Legas, wani kamfani da ke tsara wa manyan kamfanoni fuskar kayansu. A nan aikin jirgi ya same ni, furfura ta riga ta fara fitowa.

Ga yadda aikin yake. Wani kamfanin jirgin sama da ke ɗaukar alhazai da 'yan kasuwa zuwa Jidda da Dubai ya sayo sababbin jirage, kowace kujera da 'yar talabijin a bayanta, wadda fasinja zai taɓa da yatsa ya zaɓi abin da zai kalla. Injiniyoyi sun gama nasu, na'urar tana aiki. Abin da ake nema a wurinmu shi ne fuskarta: me mutum zai fara gani idan ya zauna, ina zai danna, wane launi, wane rubutu, wane hoto. Shugabar sashenmu, wata mata mai kaifin kai da muke ce wa Madam, ta ba ni aikin saboda ni kaɗai ne Bahaushe a ofishin, fasinjojin kuma yawancinsu namu ne. Kafin in zana komai sai da aka sa ni a wani tsohon jirgi na je na dawo, ba don komai ba sai don in kalli mutane. Abin da na gani kuwa ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi. Da an kunna, tallan fim ne ke fara fitowa, mace ba ɗankwali tana rawa, sai ka ga Hajiya ta cire gyale ta lulluɓe talabijin ɗin, haka za a yi ta tafiya har a sauka. Wanda ya yi ƙarfin halin taɓawa kuma, madannan ƙanana ne kamar ƙwayar gero, sai ya yi ta dannawa da ƙarfi kamar mai kafa ƙusa, kan na gabansa yana rawa, har a yi cacar baki. Wani dattijo ya yi ta neman karatu, da ƙyar na taimaka masa ya samo, sai ya tarar an jera shi juzu'i-juzu'i da rubutun bugun Larabawa. Ya kalla, ya kalla, ya ce mini shi da izu ya sani, kuma wannan rubutun idonsa ba ya kama shi, ya kashe ya ɗauko carbinsa.

Na dawo na san abin da zan yi. Na kawar da tallan nan gaba ɗaya, fuskar farko ta zama shiru, launin ƙasa mai sanyi wanda ba ya cizon ido idan an rage fitilun jirgi. Na yi ƙofofi manya-manya waɗanda ko mai rawar hannu ba zai kuskure su ba, ta karatu, ta taswirar hanya, ta fina-finai, ta yara, kowacce da sunanta da boko da ajami. Na jera karatu izu-izu yadda muke ƙirgawa. Saura abu guda, rubutun da tsofaffinmu za su iya karantawa, irin wanda suka tashi da shi a kan allo. Na duba waɗanda ake bugawa a kasuwa, duk sun dushe, an yi ta kwafar kwafi har baƙaƙen sun kumbura. A nan ne gafakar Baba ta faɗo mini a rai. Ba zan ɓoye muku ba, na so abin ƙwarai. Mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba, a ce hannunsa yana kai da komo a sararin samaniya, dubban mutane suna karantawa, lada tana isa kabarinsa. Ina ganin babu ɗan da zai hango wannan ya ƙi.

Na zo gida na sami Yaya bayan la'asar, na yi masa bayani dalla-dalla. Kun san Baffanku, ba ya amsa magana da zafinta. Sai da ya gama gyara alƙalamin karan da ke hannunsa tukuna.

"Fita da shi za ka yi?"

"A'a, Yaya. A nan zan ɗauki hotonsa, ko ƙofar zaure ba zai ƙetare ba."

"Kuma karantawa za a yi, ba ado ba?"

"Karantawa."

"To, aro na ba ka. Ka ji dai abin da na ce, aro."

Kwanakin da muka yi muna ɗaukar hoton nan, ban taɓa jin daɗin zama da Yaya kamar su ba, kafin nan ko bayan nan. Da hantsi muke shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske ya fi kyau, mu biyun da alwala, shi yana ɗaga falle yana ajiyewa, ni ina ɗauka. Wani lokaci sai ya tsaya ya nuna mini inda Baba ya canja alƙalami, ko inda tawada ta yi ƙaranci a shekarar da ya yi ciwon ido. Inna tana gefe tana tsintar wake, na kuma lura ta daina aikenmu. Da aka gama na zuba hotunan duka a wata 'yar na'urar ajiya mai girman tafin hannu, na sa a aljihun gaba na koma Legas.

Can kuwa abin ya karɓu fiye da yadda na zata. 'Yan shafuka kaɗan na nuna, don sauran ban bari sun bar aljihuna ba. Madam ta dafa ƙirji ta ce ba ta taɓa ganin rubutu mai kyan wannan ba. Mutanen kamfanin jirgi suka zo suka gani, suka ce wannan shi ne abin da zai bambanta su da kowa. Aka ɗora ni shugaban aikin gaba ɗaya, aka ce idan an gama ni zan tafi ƙasar waje in zauna da masu haɗa na'urar, daga nan kuma sauran jiragen da za a sayo duk ni zan riƙa yi. Mahaifiyarku har ta fara tambayar yadda sanyin can yake.

To, a aikinmu akwai ƙa'ida: ba a miƙa zane sai an gwada shi da irin mutanen da za su yi amfani da shi. Abokan aikina sukan tara ɗalibai a ofis su ba su lemo, su ce sun gwada. Ni na ce a'a, Zinyau zan kai. Na ɗauko 'yar kwamfutar hannu mai girman talabijin ɗin jirgin, na zo gida, na aro kujerun roba biyu a wurin masu haya, na jera su ɗaya a bayan ɗaya a zauren Baba, na ɗaure kwamfutar a bayan ta gaba da robar taya. Yaya ya aika aka kira dattawa, wasu daga Yalwa, wasu dangin Inna daga Nariya, waɗanda suka taɓa sauke farali da waɗanda suke shirin tafiya. Zaure ya cika, har da masu leƙe ta taga.

Wanda ya fara zama shi ne Malam Ɗan'azumi na Yalwa, abokin karatun Baba, tsoho mai barkwanci wanda ba ya raga wa kowa. Ban nuna masa komai ba, haka ƙa'idar take, sai dai ka tsaya ka kalla. Ya sunkuya ya karanta ajamin, ya miƙa yatsa ya taɓa ƙofar karatu, ya zaɓi izun da yake so, duk ba tare da ya waiwayo ni ba. Na ji wani sanyi a raina, don wanda ya yi irin aikin nan ne kaɗai ya san daɗin a ce tsoho ya wuce ba tambaya. Sai shafin ya haska. Ya matso da fuskarsa.

"La ilaha illallahu. Wannan ai hannun marigayi ne. Ku zo ku ga harafin wawunsa, shi kaɗai ke ja masa wutsiya haka."

Aka taso aka kewaye shi. Ya fara karantawa da 'yar muryarsa mai rawa, wasu suna bi a hankali. Na bar su suka yi son ransu. Sannan na tuna akwai abin da ban gwada ba, wato ko dannawar na baya tana damun na gaba, tunda shi ne ya haddasa cacar baki a jirgin da na hau. Na ce wani ya taimaka ya zauna a kujerar gaba. Babu wanda ya motsa. Na ɗauka kara ce irin ta manya, kowa yana bar wa ɗan'uwansa. Na kira wani Alhaji daga Nariya da sunansa, ya ce ƙafarsa tana ciwo, tsayuwar ta fi masa. Na kira wani, ya ce fitsari zai je. Haushi ya fara kama ni, ga rana tana yi, na ce to shi ke nan, na zagaya na zauna da kaina, na jingina sosai yadda fasinja zai yi, na ce wa Malam Ɗan'azumi ya ci gaba da dannawa.

Karatu ya tsaya. Sai na ji muryar Inna daga ƙofar cikin gida, ashe tana nan tsaye a bayan asabari tun ɗazu.

"Salisu, tashi."

"Inna, gwaji nake yi."

"Na ce ka tashi. Alƙur'ani ka ba wa baya."

Na tashi, don Inna ba ta maimaita magana sau uku. Amma raina a ɓace yake, kuma na faɗi abin da ke bakina. Na ce wannan haske ne a cikin gilashi, ba takarda ba ce, da an kashe babu komai a ciki. Na ce manyan malamai sun yi bayani a kan na cikin waya, kowa a nan yana sa tasa a aljihun wando. Na ce jiragen Larabawa ma suna da shi a bayan kujera, su da aka saukar da shi da harshensu. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har gobe kuma ban janye ko ɗaya ba. Yaya ya bari na gama sarai.

"Ni ban ce haramun ba ne," in ji shi. "Ban kai in faɗi haka ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka taɓa ganin Baba ya jingina da bangon da gafakar nan take rataye?"

Ban taɓa gani ba. Mu ma da muna yara, wanda duk ya jingina da bangon nan sai ya sha rankwashi.

"A jirgin, kowa bayansa yana jikin karatun wani ke nan?"

"Kowa, sai dai 'yan layin ƙarshe, su babu kowa a bayansu."

Malam Ɗan'azumi ya ɗaga hannu ya ce, "To ni dai a rubuta sunana a layin ƙarshe tun yanzu, ko kusa da bayi ne na yarda."

Aka yi dariya, taro ya watse a kan haka, amma kowa ya san ba a gama ba. Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar komawa shi ne wannan: mutanen da na yi aikin dominsu, su ne za su yi tafiyar nan gaba ɗaya a ɗosane, ba su jingina ba, suna tunanin ko na bayansu ya buɗe karatu. Na yi ta juya abin. Talabijin dai ba ni da ikon matsar da ita, a jikin kujera aka ƙera ta. Na yi tunanin sa gargaɗi, na ga gargaɗin me, ga wa. Duk da haka na isa Legas da niyyar ci gaba, ina ce wa kaina tsofaffi ne, za su saba, kamar yadda suka saba da lasifika a masallaci.

Abin da na tarar a ofis ne ya sauya lissafin. Masu kula da talla sun ɗauki 'yan shafukan nan da na bari, sun yi samfurin kayan cikin jirgi da su don su burge ni. Ga zayyanar kan izu a jikin ƙyallen da ake sawa a matashin kai. Ga layukan Baba, ayoyi sak, an dusashe su an shimfiɗa a takardar da ake sawa a ƙarƙashin tiren abinci. Na ɗaga takardar nan ina kallo, na ga inda za ta ƙare, cikin kwandon shara tare da ƙashin kaza da ragowar shinkafa. Ban yi ihu ba, ko da yake an san ni da shi. Na je na sami Madam na yi mata bayani. Wallahi matar nan ba ta da mugun nufi, a ganinta karramawa ce. Ta ba ni haƙuri har da riƙe hannu, ta sa aka tattara samfuran aka ba ni, aka goge shafukan daga kwamfutocinsu a gabana. Sannan ta ce:

"Malam Salisu, wannan an gyara. Amma na talabijin yana nan, ko? Kamfanin jirgi a kansa suka dogara."

Na ce ta ba ni lokaci. Abin da na gane a ranar shi ne, shafuka kaɗan na saki, na juya baya na ɗan lokaci, har sun kai ƙarƙashin tire, kuma a hannun mutanen kirki. Idan na miƙa duka fa, aka kai ƙasar waje, aka zuba a jirage, aka sayar da jiragen ga wasu bayan shekaru? Gafaka tana da maɗauri, tana da mai ita. Abin da ya shiga na'ura ba shi da ƙofar da zan kulle.

Mahaifiyarku ba ta goyi bayana ba, kuma ba na ganin laifinta. Ta ce in tuna da ku, kuna makaranta, ga gidan haya. Ta ce Baba da kansa ai sayar da rubutunsa yake yi, bai taɓa bin mai saye gida ya ga inda zai rataye ba. Magana ce mai ƙarfi, na dai ce mata masu sayen rubutun Baba sun san abin da suka saya. Ta ce, "Kai dai ka riga ka yanke, neman wanda zai taya ka kake yi." Haka ne kuwa.

Na sake hawa mota na zo Zinyau, na gaya wa Yaya na fasa, na kuma gaya masa labarin takardar tire, don ban iya ɓoye-ɓoye ba. Bai ce "ai na faɗa maka" ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce:

"To madalla. Sai ka dawo mini da arona."

"Yaya, ai yana cikin gafakarsa, ban taɓa fita da shi ba."

"Na cikin aljihunka fa?"

Na ce wannan a bar shi a gida, a ajiye saboda halin rayuwa, takarda ba ta da tabbas, akwai gara, akwai gobara. Ya girgiza kai. Ya ce wanda ya kai shi Legas jiya yana iya kai shi gobe idan aka matsa masa, in ma ni ban kai ba, ba zan dawwama ba, 'ya'yana za su tsinci ƙarfen nan ba su san alkawarin da ke kansa ba. Ya ce Alƙur'ani ba a hannun Baba ya dogara ba, Mai shi Ya yi alkawarin tsare shi, wannan kuwa takardun gidanmu ne, shi aka ba wa amanarsu, zai kuma tsare su yadda aka tsare su kafin a haifi kwamfuta.

Ku ji wannan da kyau, don a nan ne labarinku ya karkace. Baffanku bai ƙwace komai a hannuna ba, bai rantsar da ni ba, bai kai ƙarata wurin Inna ba. Na'urar tana aljihuna, da na ga dama da na ce na goge, in tafi da abata, ba shi da hanyar ganewa, mutumin da ko saƙon waya sai an karanta masa. Na kwana da maganar, na auna ta, na ga aro dai aro ne, sharaɗin da aka ba ni a kansa kuma ya riga ya karye a hannuna. Da safe bayan an karya kumallo na kunna kwamfuta a kan tabarmar da muka ɗauki hotunan, na kira shi ya zauna, na goge su yana kallo, na bi duk inda kwafi zai iya maƙalewa na share. Ya ce Allah Ya yi albarka, ya tashi ya tafi wurin ɗalibansa. Har yau ban ce na yi daidai ba, ban kuma ce na yi kuskure ba.

A Legas na girbi abin da na shuka. Kamfanin jirgi suka ji haushi, suna da gaskiya, an nuna musu abu an janye. Madam ta kare ni iya ƙarfinta, ba a kore ni ba, amma aka ba wa wani shugabancin, shi ya tafi ƙasar wajen, ni na ƙarasa aikin a ƙarƙashinsa. Ƙofar karatu ta zama ta sauraro kawai: fili kore, lambar izu babba, murya a kunne, babu aya ko ɗaya a rubuce. Sauran zanena duk an bar su yadda suke, manyan madannan, ajamin, fuskar farko mai shiru. An ce alhazai sun ji daɗinsa, wata Hajiya daga Kibiya ma ta gaya mini har taswira ta buɗe ta ga sun ƙetare teku, ba ta san ni na zana ba, ban kuma gaya mata ba. Bayan an gama na ga zaman ya ishe ni, na tattara ku muka dawo Rano, na buɗe shagon da kuka sani, katin biki da kalanda da allon shago. Kun sha shinkafa da wake a shekarun nan fiye da yadda kuka so, na sani.

Shekaru suka wuce, Inna ta rasu, ni da Yaya muna gaisawa lafiya lau, ba mu taɓa tayar da maganar ba. Sai wata damina mai marka, aka yi kwana da kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ɗakin Baba na ƙasa ne, rufin soro, ya daɗe yana neman yaɓe. Yaya ya tafi ta'aziyya Nariya, ruwa ya tsare shi a can. Kafin ya dawo azara ta karye, rufin ya zauna a kan bangon da gafakar take.

Ranar kasuwar Rano Yaya ya shigo shagona da hantsi, da gafakar a hammata. Na ba shi kujera. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ciwon idona, har na fara mamakin tsawon gaisuwar. Sannan ya kwance maɗaurin ya tura mini. Fallayen sun manne sun zama dunƙule guda kamar tubali, ja da baƙi da ruwan ɗorawa sun gauraye sun bi gefe. Na gwada ɗaga ɗaya da bakin reza, ya taho a hannuna kamar tuwon jiya. Babu layi ɗaya da za a iya karantawa.

Ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take, kamar mai neman bashi.

"Salisu, hotunan nan. Ko da ɗan wani abu da ya rage?"

"Babu, Yaya."

"Ba faɗa zan yi ba. Wallahi ba zan yi faɗa ba. Ko izu ɗaya ne."

"A gabanka na goge. Ban rage komai ba."

Ya ɗago ya dube ni sosai, yana neman alamar ƙarya a fuskata, kuma na ga yana roƙon Allah ya same ta.

"Ni fa duk shekarun nan na ɗauka ka ɓoye wani," in ji shi. "Shi ya sa hankalina yake kwance. Kai da tun kana yaro ba ka taɓa jin magana ba, sai a wannan ka ji?"

Na ce, "Sai a wannan, Yaya."

Ya jawo gafakar ya ɗora a cinyarsa, ya rufe fuska da hannun riga. Ni kuma na tashi na sakaya ƙofar shago, don kada 'yan kasuwa su ga babban malami yana kuka.